Dabbar da ta shiga akurkin maƙwabciyata: me ya sa Turawa ke kashe minki?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tun jiya raina bai kwanta ba, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan. Muna zaune a wani ƙauye bayan garin Aberdeen a Sikotland, akwai ɗan rafi da ke bi ta bayan gidajenmu kafin ya faɗa Kogin Don. Maƙwabciyata wata tsohuwar Baturiya ce mai kirki, tana kiwon kaji 9, ita ke ba yarana ƙwai. Jiya da sassafe ta ƙwanƙwasa min ƙofa tana hawaye. Kaji 7 a mace cikin akurki, kowacce da cizo a ƙeya, amma ɗaya ce kawai aka ɗan ci. Ƙofar akurkin a kulle take, sai wata 'yar kafa a ƙasan raga wadda hannuna ma da ƙyar yake shiga. Ta ce aikin minki ne.

Da la'asar kuwa na gan shi da idona a bakin rafin. Baƙi-baƙi ne mai sheƙi, dogo siriri, ƙafafu gajeru, da ɗan fari a haɓa. Bai kai mage girma ba. Ya tsaya ya zuba min ido ko gezau, sannan ya sulale cikin ruwa.

Yanzu an ce za a zo a ɗana masa tarko, in ya shiga a harbe shi. Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Mutanen da in ka doki kare sai hukuma ta neme ka, su ne kuma ke da ƙungiyoyi musamman na kashe wannan dabba. Wace irin halitta ce, me ta yi musu? Kuma a addininmu ya halatta a kashe ta haka?

Ɗan_Gumel:
Wa alaikumus salam Hajiya. Daga yadda kika siffanta shi, ai tunku ne. Haka yake mana ɓarna a akurki a gida.

Basarken_Yawuri:
Tunku ba ya zama a ruwa haka. Karen ruwa ne. Mu da muka tashi a bakin Kwara mun san shi, shi ke yaga mana koma ya kwashe kifi.

Likitan_Dabbobi_Zariya:
Allah ya mayar wa baiwar Allah da alheri. @Ɗan_Gumel da @Basarken_Yawuri, kowannenku ya kusa, amma ba tunku ba ne, ba karen ruwa ba ne. Minki ba shi da suna a Hausa domin babu shi a ƙasarmu. Asalinsa Amurka ta Arewa, daga Alaska da Kanada har zuwa Florida. Danginsa na kusa da muka sani su ne bodari da dage da karen ruwa, duk gida ɗaya suke. Tunku kuwa wani gida ne daban, ya fi kusa da mage da kura.

Gadon gidan duk ya kwaso. Yana da warin bodari, in ya tsorata ko yana shata iyakar yankinsa sai ya saki wani ruwa mai ɗoyi daga wasu ƙulle-ƙulle biyu da ke gefen duburarsa. Yana da taurin zuciyar dage, shi ya sa ya tsaya yana kallonki bai gudu ba. Yana kuma iyo da nutso irin na karen ruwa, ko da yake bai kai shi gwaninta ba, saboda fatar da ke tsakanin yatsunsa rabi ce, idonsa kuma ba ya gani sosai a ƙarƙashin ruwa. Namiji yakan kai kilo 1 ko ya ɗan wuce, mace ba ta cika kaiwa kilo 1 ba. Karen ruwan Turai yakan kai kilo 7 zuwa 10, kin ga tazarar.

Abin da ya sa ya zama bala'i shi ne ba ya zaɓen abinci kuma ba ya zaɓen wuri. Kifi, kwaɗo, ɓera, zomo, agwagwa, ƙwai, 'yan tsaki, duk nasa ne. A ruwa ya yi farauta, a tudu ya yi, ya kuma hau bishiya. In kifi ya yi wuya ya koma kan zomo, in zomo ya ƙare ya shiga akurki.

Basarken_Yawuri:
Na karɓi gyara, Dakta. To amma me ya kai dabbar Amurka rafin Sikotland?

Malama_Binta_Leeds:
Kasuwar fata ce ta kai shi, Baba. Gashin minki mai laushi ne ƙwarai, da shi ake ɗinka kwat ɗin masu kuɗi. A 1929 aka fara shigo da shi Birtaniya don kiwo a keji. Wasu suka riƙa tserewa, wasu masu gonakin da suka yi asara suka bar su suka watse. A 1956 aka fara tabbatar da cewa yana haihuwa a daji, a bakin Kogin Teign da ke Devon. Daga nan sai ya bi koguna ya mamaye kusan ko'ina. An hana kiwon dabbobi don fata da dokar 2000 a Ingila da Wales, Sikotland ta yi tata a 2002, amma a lokacin tuni aikin gama ya gama.

A Tarayyar Sobiyet ma ba tserewa ya yi ba. Hukuma ce da kanta ta riƙa sakin dubbai a daji tun daga 1933 don mafarauta su samu fata.

Bakano_a_Inverness:
@Ummu_Sadiq ni ina cikin masu aikin sa kai ɗin da kike magana a kai, shekara uku ke nan, bari in faɗa miki abin da ya sa na shiga.

Akwai wata 'yar dabba a nan da suke kira ɓeran ruwa. Ba irin ɓeran gida ba ne mai ƙazanta, ciyawa kawai yake ci, kumatu ɓul-ɓul, gajerun kunnuwa, namu na Sikotland ma yawanci baƙaƙe ne. Yana haƙa rami a gaɓar rafi. Allah ya ba shi dabaru biyu na tsira: in maƙiyi ya zo ta tudu ya faɗa ruwa, in ya zo ta ruwa ko ta sama ya shige rami. Da waɗannan dabaru ya rayu dubban shekaru tare da dila da mujiya da karen ruwa. Sai ga minki. Ya faɗa ruwa, minki ya bi shi. Ya shige rami, macen minki siririya ce, ramin yana ɗaukarta, ta bi shi har kuryar ɗaki. In mace ɗaya tana shayarwa a bakin rafi, kafin 'ya'yanta su watse ta share ɓerayen wurin kaf. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɓeran ruwan Birtaniya sun ɓace a ƙarnin da ya wuce. Lalata gaɓar koguna da noma da kiwo suka yi ya taimaka, amma minki ne ya ƙarasa su.

Yadda muke aikin: akwai wani faffaɗan katako da ake ɗaurewa a bakin ruwa yana yawo a kai, da ɗan ɗaki kamar rami a samansa. Cikin ɗakin an shimfiɗa yumɓu mai danshi. Minki akwai shi da son leƙe-leƙe, duk rami da ya gani sai ya shiga, sai ya bar sawunsa a kan yumɓun. Ni aikina in je duk mako biyu in duba. In na ga sawu, yatsu biyar a baje kamar tauraro, sai in kira mai kula da yankinmu a sa keji a cikin ɗakin. Daga ranar dole a duba kejin aƙalla sau ɗaya a kowace rana. In wata dabba ce ta shiga a sake ta. In minki ne, wanda aka horar ya zo da bindigar iska, harbi ɗaya a ka. Ba a yarda a nutsar da shi a ruwa ba. Doka kuma ta hana ka sake shi bayan ka kama, laifi ne.

Ranar da na fara ganin an harbe ɗaya ban iya cin abincin rana ba. Amma bara na ga ɓeran ruwa zaune yana cin ciyawa a rafin da dattawan wurin suka ce rabonsu da ganinsa tun suna samari.

Hauwa_Kulu:
Yaya Bakano ka yi haƙuri, amma ni wannan magana ba ta shige ni ba. Shi minkin ya sayi tikitin jirgi ne ya zo? Mutum ne ya kamo shi daga ƙasarsa, ya kulle shi a keji don a feɗe shi a yi wa matar attajiri riga. Ya samu kafa ya gudu, yana cin abin da Allah ya halicce shi ya ci, yanzu kuma shi ne mai laifi. Waɗanda suka kawo shi sun ci ribarsu sun mutu a kan gadonsu. Ina adalci a nan? Kuma da me ran ɓera ya fi ran minki?

Zainabu_Maradi:
Wallahi Hauwa kin faɗi abin da ke raina.

Bakano_a_Inverness:
Ƙanwata ban ce yana da laifi ba. Babu ɗaya daga cikinmu da ke jin haushinsa. Dabba ce kyakkyawa mai wayo. Amma in muka naɗe hannu, mun zaɓa ke nan, mun zaɓi ɓeran ruwa da tsuntsaye su ƙare. Minki a Amurka yana nan da yawa, ba abin da ya same shi. Su waɗannan in sun ƙare a nan ba wanda zai dawo da su.

Hauwa_Kulu:
To a kama su a mayar Amurka mana.

Likitan_Dabbobi_Zariya:
Ba za su karɓa ba, kuma suna da hujja. Waɗannan jikokin na keji ne, an daɗe ana cakuɗa irinsu don launi da girma, shi ya sa wani lokaci ake ganin mai ruwan toka ko fari a daji. Ga kuma cututtukan gonakin kiwo da za su iya kai wa na asali.

Bari in koma kan abin da ya fi damun Ummu Sadiq, wato kashe kaji 7 a ci ɗaya. Mutane suna ɗauka mugunta ce. A daji, in minki ya kama agwagwa ɗaya sauran sun tashi, farauta ta ƙare. A akurki kuwa kaji ba su da wurin gudu, suna ta fuffuka a gabansa, kowane motsi yana sake tayar masa da halin kamu, ba zai tsaya ba sai motsi ya ƙare. Ɗabi'arsa ce kuma ya ɓoye ragowar abinci don gobe. Dila ma haka yake yi, kura ma in ta faɗa garke. Ki faɗa wa maƙwabciyarki zai dawo, domin a ganinsa ya bar ajiya a wurin. Kaji biyun da suka rage a shigar da su cikin gida, a kuma canza ragar zuwa ta ƙarfe mai ƙananan idanu, a binne gindinta cikin ƙasa.

Malam_Na_Zaure:
Bismillahi. Tambayar Hajiya ta ƙarshe ba a amsa ba, bari in ce wani abu daidai gwargwado. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci dabbobi biyar masu cutarwa da ake kashewa ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Malamai sun fahimci cewa dalilin shi ne cutarwa, don haka abin da ke ɓarna a dukiyar mutane ana tunkuɗe shi, in bai tunkuɗu ba sai da kisa, a kashe. Amma akwai sharaɗi. Ya zo a hadisi cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yi kisa ku kyautata kisan. Ba azabtarwa, ba ƙonawa, ba barin dabba a tarko ta mutu da yunwa da ƙishi. Abin da ɗan'uwa Bakano ya bayyana, na duba keji kullum da harbi ɗaya, ya yi daidai da wannan.

Sai dai 'yata Hauwa ma tana da gaskiya a wani ɓangare, kada a wuce ta. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da aka halitta don ta yi iyo ta yi yawo a bakin kogi, a ɗauke ta a sa a kejin waya tun haihuwa har ranar fiɗa, don ado kawai, wannan abin a ji tsoron Allah ne a kansa. Nan ne asalin zaluncin. Wallahu a'alam.

Zainabu_Maradi:
Allah ya gafarta Malam, to idan ba kaji ya ci ba fa? Yawancin waɗanda ake kashewa ai ba su taɓa dukiyar kowa ba, ɓera da tsuntsun daji suke ci. Ana kashe dabba don kare wata dabba?

Malam_Na_Zaure:
Tambaya mai kyau. Ni abin da nake gani, ɓarnar da hannun ɗan Adam ya jawo a ƙasa, gyaranta yana kan ɗan Adam. Ba a ce a je Kanada a kashe shi a gidansa ba. Amma ina so in ji ta bakin sauran malaman gidan nan, ba ni kaɗai ba.

Malama_Binta_Leeds:
Tausayi ma in ba a yi shi da ilimi ba yana ɓarna. A watan Agusta na 1998 wasu masu fafutukar haƙƙin dabbobi suka shiga wata gonar kiwo kusa da Ringwood a kudancin Ingila da dare, suka buɗe kejina, kusan minki 6,000 suka fita. Da yawa mota ta take su, wasu aka harbe, wasu yunwa ta kashe don ba su san farauta ba. Waɗanda suka rayu suka faɗa wa kaji da tsuntsayen yankin. Niyyar masu sakin tausayi ce, amma ba wanda ya amfana, har minkin.

Ɗan_Nguru:
Ni wannan hira kachala take tuna min. Ku zo fadamar Haɗeja da Nguru ku ga yadda ciyawa ɗaya ta cinye rayuwar mutane. Inda kakanninmu ke noman shinkafa da su, yanzu kachala ce ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, kwale-kwale ba ya wucewa. Jan baki kuma ya samu maɓoya a ciki, ya fito ya cinye ɗan abin da aka shuka. Baƙon da ya fi ƙarfin mai gida ke nan. Su Turawa har suna da kuɗin kare ɓera, mu mutane ne ke tashi daga garuruwansu.

Injiniya_Ringim:
@Ɗan_Nguru zafin da kake ji gaskiya ne, dangina na can. Amma ɗan gyara: kachala ba daga ƙetare aka kawo ta ba, tsohuwar 'yar ƙasa ce a Afirka. Abin da ya canza shi ne ruwa. Da can ambaliya takan zo da damina, da rani fadama ta bushe, bushewar nan ke hana ta yaɗuwa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana duk shekara, laka ta taru, ita kuma abin da take so ke nan. Inda suka haɗu da minki shi ne dukansu aikin hannunmu ne, an yi don neman alheri ba a duba abin da zai biyo baya ba.

Ɗan_Gumel:
To dogonyaro fa? Shi ma an ce daga Indiya ya zo, ga shi duk gari muna shan inuwarsa. Ba kowane baƙo ne mugu ba.

Injiniya_Ringim:
Haka ne. Masara da rogo da tumatir ma daga nahiyar Amurka suka zo. Yawancin baƙin ba sa ɓarna. Kaɗan ne ke fin ƙarfin wuri, su ake magana a kai.

Sani_Mai_Fata:
Ni sana'ar gidanmu jima ce, don haka ta nan nake kallon abin. Tunda fatar tana da tsada, me zai hana a buɗe wa mafarauta, kowa ya kama ya sayar? Da a Kano ne, wata shida ba za ka ga ko ɗaya ba.

Bakano_a_Inverness:
Malam Sani, wanda yake ci daga abu ba ya son abin ya ƙare. Mafarauci zai kama na kusa mai sauƙi, in sun yi ƙaranci ya bar wurin, ragowar su hayayyafa. Mace tana haihuwar 4 zuwa 6 a shekara, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, barbararsu kuma tun Fabrairu da Maris. Zuwa Agusta 'ya'yan sun girma, kowa ya kama gabansa yana neman yankinsa, domin minki ba ya zaman tarayya, kowanne yana riƙe da 'yan kilomitoci na gaɓar kogi shi kaɗai. Matashi zai iya tafiyar kilomita gommai kafin ya zauna. Ka share rafinka yau, in maƙwabcinka bai share nasa ba, kafin hunturu wani ya tare.

A Aisland an kawo shi a 1931, an yi shekaru da yawa ana biyan lada a kan kowane da aka kashe, saboda yana cinye agwagin teku da manoma ke tsintar lallausan gashinsu a sheƙa. Duk da haka ya zagaye ƙasar. Da Ingila ta so kawar da wata baƙuwar dabbar ruwa mai kama da ƙaton gyazbi, koyifu, sai ta juya lissafin: aka yi wa masu tarko alkawarin babban tukuici in sun ƙarar da ita gaba ɗaya cikin wa'adi. A 1989 aka kama ta ƙarshe.

Ɗan_Gumel:
Ko a kawo wata dabbar da ke cinsa?

Malama_Binta_Leeds:
A'a don Allah! An gwada irin wannan da tunkun Indiya. An kai shi Jamaika a 1872 da Hawai a 1883 don ya cinye ɓerayen gonakin rake. Shi da rana yake yawo, ɓera da dare, sai ya koma kan tsuntsaye da ƙadangaru da ƙwan kunkuru. Har yau suna fama.

Likitan_Dabbobi_Zariya:
Amma akwai ɗan gida da ke taka masa burki, wato karen ruwan da Basarke ya ambata. Magungunan feshi na gona sun kusa ƙarar da shi a Ingila daga shekarun 1950, daidai lokacin da minki ke yaɗuwa, sai minkin ya tarar da koguna ba mai gida. Da aka hana magungunan karen ruwa ya farfaɗo, masu bincike a Oxford suka lura a wasu kogunan alamun minki sun ragu, wanda ya rage kuma ya fi karkata ga farautar tudu da yawon rana. Yana matsa masa, amma ba ya ƙarar da shi.

Aminu_Aarhus:
Ina Denmak lokacin korona, abin da na gani ba zan manta ba. A lokacin ƙasar ce kan gaba a duniya wajen kiwon minki. Cutar ta shiga gonakin daga ma'aikata, ta canza kama a jikin dabbobin, ta dawo kan mutane. A Nuwamba 2020 Firaminista Mette Frederiksen ta ba da umarnin a kashe duka, wajen miliyan 17, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba a lokacin. Daga baya ta bayyana gwamnati ba ta da hurumin doka na ba da umarnin, ministan noma Mogens Jensen ya sauka. An binne miliyoyi a manyan ramuka a yammacin Jutland, iskar ruɓa ta riƙa turo gawarwakin sama, sai da aka tone aka ƙona. Na ga manoma manya suna kuka a talabijin, sana'ar da suka gada ta tafi cikin makonni.

@Hauwa_Kulu in kina neman inda za ki sa tausayinki, ni a ganina can ne. Abin da masu tarkon Birtaniya duka ke kashewa bai kai komai ba a kan abin da ake feɗewa a gonaki duk shekara.

Hauwa_Kulu:
Innalillahi. Miliyan 17. Na yarda can ya fi muni, Yaya Aminu, amma babban zalunci ba ya wanke ƙarami. Kuma abin da nake tsoro, a yi ta kisa shekara da shekaru ba ranar gamawa. In za a yi ta kashewa har abada, me aka yi ke nan?

Bakano_a_Inverness:
Wannan tambayar mu ma muna yi wa kanmu, kuma ita ce mafi nauyi a duk hirar nan. Shi ya sa yanzu hankali ya koma kan a gama gaba ɗaya a huta. A tsibiran Hebrides na yammacin Sikotland an fara aiki a 2001, an kama fiye da 2,000 a Lewis da Harris da Uist. Tsuntsayen teku masu yin ƙwai a ƙasa, waɗanda minki ɗaya kan tarwatsa musu mazauni a dare guda, sun dawo suna ƙyanƙyasa. Amma har yanzu ana tsintar ɗaiɗaiku, ba a sauke tarko ba.

Wanda ya fi ba mu ƙwarin gwiwa shi ne na gabashin Ingila. Wata ƙungiya, Waterlife Recovery Trust, ƙarƙashin Farfesa Tony Martin, ta baza ɗaruruwan tarkuna masu na'urar da ke aika saƙo a waya da zarar ƙofa ta rufe, ba sai an je dubawa a banza ba. Abin jan hankalin da suke sawa a ciki shi ne warin nan da Dakta ya faɗa, ana tatsarsa daga waɗanda aka kama, domin minki ba ya jure jin warin wani a yankinsa sai ya je ya gani. A farkon 2024 suka sanar cewa a tsakiyar yankin aikinsu a Norfolk da Suffolk ba a ga alamar haihuwa ko ɗaya ba a 2023. Da can kowa cewa yake ba zai yiwu ba in ba a tsibiri ba.

Hadiza_Madrid:
Ba a ambaci wanda ya fi kowa shan wuya ba. Turai tana da nata minkin na asali, ya fi ƙanƙanta, da fari a leɓen sama da na ƙasa. Na Amurka ya kore shi daga kusan ko'ina, ya rage a 'yan wurare: arewacin Sifen, kudu maso yammacin Faransa, bakin Kogin Danube a Romaniya, da wasu sassan Rasha. Yana cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa a duniya. A Istoniya sai da aka share na Amurka daga tsibirin Hiiumaa, sannan daga 2000 aka fara sakin na gida da aka kiwata a gidan namun dajin Tallinn. A nan Sifen, a La Rioja da Navarra, tarkon katakon nan da Yaya Bakano ya bayyana shi ake amfani da shi, sai dai dole mai dubawa ya kalli leɓen dabbar da kyau kafin ya yi komai.

Malama_Binta_Leeds:
Har kudancin Ajantina ya kai. Akwai wani tsuntsun ruwa a tafkunan tsaunukan Santa Cruz da kusan babu inda yake ƙyanƙyasa a duniya sai can, waɗanda suka rage ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A 2011 minki ɗaya tak ya shiga inda suke kwanci ya kashe manya 33. Yanzu akwai masu gadi da ke kafa tanti a bakin tafki suna kwana har tsuntsayen su gama ƙyanƙyasa.

Zainabu_Maradi:
Na tsuntsun nan ya taɓa ni. Amma har yanzu ba zan iya riƙe bindigar ba.

Bakano_a_Inverness:
Ni ma ban taɓa riƙewa ba, 'yar'uwa. Yumɓu kawai nake dubawa.

Ummu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Dakta, maganarka ta tabbata, daren jiya ya dawo, mun ga inda ya yi ta tono a gindin akurkin, amma kaji biyun suna ɗakin wankinta. Yau da hantsi wata mata ta zo da katakon ta ɗaure a rafin, ta sa kejin kai tsaye tunda an riga an gan shi. Ta nuna wa Sadiq hoton sawun, yaron ya ce shi zai riƙa rakiyarta dubawa.

Abu ɗaya ya tsaya min. Na tambaye ta, yanzu muna watan Mayu, in mace ce fa mai shayarwa? Ta ce mai yiwuwa ne, kuma a wurinsu wannan ce mafi muhimmancin kamawa. Na ce 'ya'yan da ke rami fa? Ta yi shiru, sannan ta ce in an gano ramin ana zuwa a gama da su don kada su wahala, amma ba kullum ake ganowa ba. Malam, wannan fa? Yana cikin kyautata kisan?

Malam_Na_Zaure:
Hajiya, wannan ba ta amsuwa a tsaye. Ki ba ni zuwa bayan Isha in duba, in kuma tuntuɓi wanda ya fi ni. Bakano, kafin nan ka faɗa min, in an jinkirta kamun zuwa lokacin da aka yaye 'ya'yan, mako nawa ke nan, kuma me za a rasa a rafin cikin waɗannan makonni?